Aman Kaftin

Da safe aka ga jini a cikin aman Kaftin. Kafin hantsi ya dubi ludayi duk layin sun gama shari'a sun yanke hukunci: guba ce, kuma Tela ne ya sa.

Kaftin kare ne, baƙi mai farin ƙirji, na Injiniya. Shi kuwa Injiniya gyaran janareta yake yi, bai taɓa zama a ajin injiniyoyi ba, amma sunan ya manne masa har matarsa ma da shi take kiransa. A bayan gidansa yake tara injunan mutane, Kaftin ke gadinsu. A gaban gidan akwai shago guda, shi ne ya ba Tela haya.

Abin da ya ja wa Tela bakinsa ne. Watan jiya Kaftin ya tsinke sarƙa, ya faɗa shagon ya yayyaga yadin wata mata, Tela ya fito tsakiyar layi yana rantsuwa sai ya ga bayan karen nan. Daga baya kuma wani mai ido ya gan shi yana sayen maganin ɓera. Mutanen layin nan ba sa iya tuna ranar kwashe shara, amma waɗannan biyun ba wanda ya manta. Injiniya ya tsaya a ƙofar shagon ya ce wa Tela kada rana ta faɗi da kayansa a ciki. Bayan ya kore shi ne ya aika a kira Mai Sawu, don a tabbatar da abin da shi ya riga ya tabbatar.

Mai Sawu tsohon maharbi ne. Yanzu ya ajiye bindiga, sai dai a kira shi in akuya ta ɓace ko an haura katanga. Kullum kansa a ƙasa yake tafiya kamar wanda allurarsa ta faɗi, shi ya sa waɗanda ba su san shi ba ke cewa ba ya gaisuwa. A ƙofar gidan ya tarar da mahaifin Injiniya zaune a kujera, sanda tsakanin ƙafafunsa. Ya rusuna.

"Baba, barka da hutawa. Yaya gwiwa?"

"Sai godiya. In na haɗiyi ƙwayata sai in manta da ita." Tsohon ya yi tsaki. "Kai ma ƙazantar nan aka taso ka dominta? Tun ranar da aka kawo shi na ce a fitar mini da shi daga gida."

Kowa ya san wannan waƙar ta Baba. In Kaftin ya matso, sanda yake ɗaga masa, in ya gifta ta gabansa ya tattare riga.

A bayan gida mutane sun cika maƙil, kowa na ba da ra'ayi. Mai Sawu ya dubi ƙasa, ya dubi takalman da ke kanta, ransa ya ɓaci.

"Sannunku da aiki. Kun zo kallo kun tattake mini shaidu. Don Allah kowa ya koma ta inda ya shigo."

Kaftin na kwance a gefen ɗakinsa na katako, bai ko ɗaga kai ba. Mai Sawu ya tsuguna ya ɗaga leɓensa, dasashin ya yi fari fat. Ya ja fatar wuyansa ya saki, ta daɗe ba ta koma ba. Aman da ke gefe baƙi-baƙi ne kamar an jiƙa garin gawayi, da zare-zaren jini a ciki.

"Tun yaushe?" ya tambaya.

Matar Injiniya ce ta amsa. "Shekaranjiya ya fara. Da farko abinci ne, sai kumfa mai rawaya. Jiya ko ruwa ya sha sai ya dawo."

"Kuma yana nan kwance?"

"Ai kare kan yi amai," in ji Injiniya. "Ya ci ciyawa, ya harar, ya tashi."

"Haka ne, in sau ɗaya ne, ya miƙe yana kaɗa wutsiya yana neman abinci. Wannan ruwa ma ya ƙi zama, ga jini. Ka sami lokacin korar mutum, ba ka sami na kai shi wurin likita ba?"

Kunya ta kama Injiniya a gaban matarsa, ya huce ta kan makullin mota da ya ce wani ya ɗauke, alhali yana hannunsa. Suka naɗe karen a tsohon bargo. Da za su wuce ta ƙofa, Baba ya kawar da kai ya dubi bango.

"Ya mutu?" ya ce da sauri.

"Da ransa, Baba."

"To ku yi ku wuce da shi, yana wari."

*

Tela yana durƙushe yana ɗaure kan keken ɗinki a cikin zane. Ya riga ya cire hotunan samfurin ɗinki daga bango, sai tabon inda suke.

"Na faɗa, Malam, ba zan musa ba," ya ce tun kafin a tambaye shi. "Na ce sai na ga bayansa. Ranar ma na ce sai na karya wa mai kawo mini zare ƙafa, ga shi can yana yawo da ƙafafunsa biyu."

"Maganin ɓeran fa?"

Tela ya nuna sama. Mai Sawu ya hau kujera ya leƙa kan katakon da ke bisa ƙofa. Ga ledar maganin an yanka bakinta, ga ɗan abin da aka zuba a murfin gwangwani. Ƙura ta lulluɓe ledar, ba alamar yatsa a kanta, sai ƙananan sawun ɓera da suka je suka dawo. An daɗe ba a taɓa ta ba.

Da ya sauko ya ga idanun Tela sun kaɗa.

"Ba korar ce ta fi ci mini rai ba. Ɗazu wata da nake ɗinka wa 'ya'yanta tun suna goye ta aiko a karɓi yadinta. Ba ta ma zo da kanta ba." Ya dafa bencin da ke bakin shagon. "Nan Baba ke zama kowace safiya, mu sha hira, ya gyara mini duniya. Yau yana zaune a kansa ɗansa ke kirana mai guba. Na dube shi, Malam, ko zai ce uffan. Sai ya tashi ya koma kujerarsa."

"Kada ka yi saurin ɗaure kayan nan."

"Na riga na kira mai amalanke."

*

Bayan katangar Injiniya gidan Mai Kaji ne. Ita ma sunanta ya fito a bakin mutane, don Kaftin ya taɓa kashe mata kaji. Mai Sawu ya same ta tana wanke kwanonin ruwansu, ba ta ko miƙe ba.

"Ka zo ka kama ni? Ka bari in gama, kajina ba su san shari'a ba."

"Yaya, gaisuwa ce ta kawo ni."

"Gaisuwa da ido a ƙasa? Duba da kyau. Da guba zan sa masa da tuni an manta da shi. Ni ba na ɓoye fushina, uban gidansa na je na zage tas."

Akwai rami a ƙarshen gidan inda take zuba matattun kaji da kayan ciki. Mai Sawu ya ji daɗi da ya gan shi, don kare in ya ci ruɓaɓɓen abu haka yake yi. Ya zagaya ramin, ya bi gindin katangar daga farko har ƙarshe. Sawun mage ya gani, da na ƙadangare, da na takalmin Mai Kaji. Tun ruwan da aka yi farkon mako kare bai tako wurin ba. Daɗin ya koma ciki.

"Abu ɗaya ke ba ni mamaki," in ji ta tana zubar da ruwa. "Karen nan inuwarsa ma haushi yake mata. Amma da rana tsaka, in maigidan ya fita, matar ta tafi ɗauko yara, sai ka ji tsit kamar an sayar da shi. Lokacin ne kaɗai nake samun barci."

Mai Sawu ya ɗaga kai ya dube ta. Ita kanta sai da ta tsorata, don ba ta taɓa ganin ƙwayar idonsa ba.

*

Ya koma ya tarar Injiniya ya dawo, an bar karen a asibitin dabbobi ana ƙara masa ruwa. Matar ta ja Mai Sawu gefe, murya ƙasa-ƙasa.

"Malam, ni ce na ba shi ƙasusuwa ranar da ya fara aman. Ya hana ni, na ga asarar zubarwa. Ko su ne?"

Kafin ya amsa wayar Injiniya ta yi ƙara. Likitar ce. Ya buɗe muryar kowa ya ji, don yana sa rai za ta ce guba.

"Na duba cikinsa, ba ƙashin da ya tsaya, ba abin da ya toshe," in ji ta. "Kuma ba maganin ɓera ba ne, jininsa yana daskarewa daidai. Tumbinsa ne ya yi rauni yake zubar da jini, ƙodarsa ma ba ta yi mini daɗi ba. Wani abu ya ci, kuma ba sau ɗaya ba. In na san ko mene ne na san abin da zan ba shi. In ban sani ba lalube nake yi, shi kuma ba shi da lokacin lalube."

"Likita, ba guba ba ce?"

"Ban ce ba. Abubuwa da yawa da ke cikin gidanka guba ne a wurin kare. Kuma ka ji in faɗa maka: in kare ya yi amai sau ɗaya ya ci gaba da harkarsa, a sa ido kawai. In ya maimaita, ko ruwa ya ƙi zama, ko an ga jini, ko kashinsa ya yi baƙi, ko ciki ya kumbura, ko ya kwanta ya kasa tashi, ranar ake kawo shi. Ba bayan kwana biyu ba."

Injiniya ya kashe wayar yana kallon takalminsa. Amma da ya ɗago cewa ya yi, "To ai ba maganin ɓera ne kaɗai a kasuwa ba." Mutum in ya riga ya zagi wani a bainar jama'a, da wuya ya so ya zama mara laifi.

*

Tsakanin ɗakin Kaftin da katanga akwai wani ɗan lungu mai inuwa. 'Yan kallo ba su shiga ba, don matsattse ne. Nan Mai Sawu ya shiga a karkace, ya tsuguna.

Ruwan farkon mako ya jiƙa wurin, laka ta bushe ta riƙe duk abin da ya taka ta. A cikin busasshiyar lakar sawun Kaftin uku ne masu zurfi, na huɗun, ƙafar baya ta hagu, ɗan taɓawa kawai. Karen yana ɗingishi a lokacin. A kan ƙurar da ta sauka daga baya kuwa, ƙafafu huɗun sun zauna cif. Ɗingishin ya tafi. Sai can sama-sama, sawun jiya da yau, na kare mai tangaɗi.

A tsakiyar lungun akwai da'irar bakin bokiti da aka kife aka zauna a kai, an zauna sau da yawa. Gabanta sawun silifas biyu a jere, diddigen dama ya cinye. Gefensu ramuka ƙanana masu zagaye, kowanne da ɗan tsagi a gefe. Kuma a kan sawun silifas ɗin, daidai inda yatsun mutum za su kasance, ƙasa ta lotsa ta yi santsi, da baƙin gashi a manne. Nan karen ke kwantar da kansa.

Mai Sawu ya daɗe a tsugune. Ya bi sawun ɓarayi ya yi murna da ya cim musu, amma wannan sawun kunya ya ba shi, kamar ya leƙa ɗakin da ba a yi masa izini ba.

Ya fito ya nufi ƙofar gida. Kujerar ba kowa. A bakin ɗakin Baba ga silifas biyu, diddigen dama ya cinye. Ya ƙwanƙwasa.

"Baba, magana nake so mu yi, ni da kai."

"Ina hutawa."

"Likita tana jira, Baba."

Daga waje ya ji ƙarar amalanke ta tsaya a ƙofar shago.

*

A gaban shagon ya tara su: Injiniya da matarsa, Tela, Mai Kaji da hannunta a ƙugu. Mutanen layi ba a kira su ba, amma ba a taɓa buƙatar kiransu ba. Ya sa aka ce wa Baba ya fito, a matsayinsa na babba. Tsohon ya fito yana dogara sanda, ya zauna nesa kaɗan. Robar bakin sandar tana da tsagi a gefe.

"Tela bai taɓa ledar maganinsa ba tun ranar da ya ajiye ta," in ji Mai Sawu. "Kaftin bai je ramin Yaya ba. Ƙasusuwa ma likita ta wanke su." Matar Injiniya ta sunkuyar da kai, mijin ya harare ta. "Injiniya, ka san karenka ya yi ɗingishi farkon makon nan?"

"Ɗingishi? Ban lura ba."

"Wani ya lura. Kuma ya yi masa magani, don ɗingishin ya daina kafin aman ya fara. Tun safe muke neman wanda ya tsani karen nan. Wanda ya ba shi abin da ya ba shi, Kaftin kan ƙafarsa yake ɗora kai ya yi barci."

"Wane ne?" in ji Injiniya. "Faɗi sunansa!"

"Ni sawu nake bi. Na kawo ku inda ya tsaya. Abin da aka ba karen kuwa ƙasa ba ta faɗa mini ba, mai shi kaɗai ya sani, kuma shi likita ke jira."

Bai dubi Baba ba. Ya kafe idonsa a ƙasa yana roƙon Allah kada a kai shi ga nuna dattijo da yatsa a gaban ɗansa. Mai amalanke ya gaji da jira, ya kama kan keken ɗinkin zai ɗora.

"Ajiye masa kayansa."

Muryar Baba ce, amma ba wadda aka sani ba. Ya sa hannu a aljihu ya fito da katin ƙwayoyin ciwon gwiwarsa. Saura kaɗan a ciki.

"Na ga yana jan ƙafa. Na san abin da ciwon ƙafa yake. Na ce abin da ya yi mini amfani zai yi masa. Ina sa masa a cikin nama, safe da rana. Da na ga ya miƙe sai na ƙara."

"Baba!" in ji Injiniya. "Kai da ko inuwarsa..."

"Tun da mahaifiyarka ta rasu, wa ke zama da ni da rana? Kai kana wurin injuna, matarka tana wurin yara. Shi ne ba ya gajiya da surutuna." Ya dubi katin da ke hannunsa. "Na cika layin nan da cewa ƙazanta ne. Da wane bakin zan ce ni ke zama a bokiti ina sosa masa kunne?"

Ba wanda ya yi dariya, ko Mai Kaji. Injiniya ya karɓi katin ya kira likita, ya karanta mata sunan da ke jiki harafi-harafi.

"Shi ne," in ji ta. "Maganin ciwon mutum kenan, shi ke cin tumbin kare da ƙodarsa. Kada a sake ba dabba maganin mutum sai an tambaya. Yanzu na san abin yi. Ban yi muku alkawari ba, amma na san abin yi."

Injiniya ya juya ga Tela. Ya tsuguna a gaban ɗan hayarsa, jama'a na kallo. Tela ya ɗaga shi ya ce komai ya wuce. Amma idonsa na kan tsohon.

"Baba, da kana gida ne aka zage ni, da ban ji komai ba. A kan bencina kake."

Tsohon ya miƙe da ƙyar ya shige gida. 'Yan kallo suka watse ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tuna yana da aiki. Kafin magariba matar nan da ta sa aka karɓe yadinta ta sake aiko da shi, wannan karon ma ba ta zo da kanta ba.

*

Kaftin ya yi kwanaki a asibiti, ya dawo a rame, an aske masa ƙafar gaba inda aka ƙara ruwa. Tela ya mayar da hotunansa bango. Kowace safiya yana fito da bencin ya ajiye a inda yake, kuma kowace safiya bencin na nan ba kowa, har ya fara ɗora yadudduka a kai. Baba ya daina fitowa ƙofa, kujerarsa ma an shigar da ita.

Wata safiya Mai Sawu ya biyo ta layin neman wata tunkiya, kansa a ƙasa kamar kullum. Daga ƙofar Injiniya ya ga sabon sawu: silifas biyu, ramin sanda mai tsagi, da ƙafafun kare huɗu a manne da su, a fili, inda kowa ke wucewa. Ya bi sawun da ido har bakin shago.

Baba na tsaye a ƙofar, Kaftin a gefen ƙafarsa. Ya zo da maganar da ya kwana yana shiryawa. Keken ɗinki na ta ƙara. Tela bai ɗago ba, ya kai ƙarshen layin da yake ɗinkawa, ya ciji zaren. Sannan ya miƙa hannu ya kwashe yadudduka daga kan bencin.

"Baba, ka tare mini haske," ya ce. "Zauna."